Rabi na Inna, rabi na Baba

Haihuwa bakwai Inna ta yi, uku a ciki ba su kai shekara biyar ba: biyu a gabana, ɗaya a bayana. An haife ni a farkon shekarun 1990 a wani gari da ke gabas da Kano, kuma saboda biyun da suka koma kafin zuwana, kakarmu ta wajen uba ta laƙaba mini Ayashe, irin sunan da ake ba 'ya'yan wabi. Yau shekaruna sun haura talatin. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata, ina ɗakin mijina da 'ya'yana biyu, kuma ina da amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Labarin nawa ne, amma mafi nauyinsa na Inna ne, don ita ta sha irin wuyar da asibiti ba ya rubuta wa magani.

Yadda take ba ni labari, duk ukun hanya ɗaya suka bi. A haife su ɓul-ɓul, a yi suna, a yanka rago, ta gama wankan jego lafiya lau. Da yaro ya kai wata shida ko bakwai, sai a wayi gari bayan hannunsa da ƙafarsa sun kumbura suntum, ko taɓa shi aka yi sai ya tsala ihu. A ce haƙori ne. Daga nan zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, ido ya yi shawara, tafin hannu ya yi fari fat, gefen ciki na hagu ya yi tauri. Wadda nake bi wa, da la'asar tana wasa a tsakar gida, kafin kiran assalatu ta cika.

Ba a sha wahalar nemo mai laifi ba. Inna bare ce a dangin Baba, daga wani gari ya auro ta, don haka bakin kowa ya sami wurin sauka. Wasu suka ce nononta ne ba kyau, aka yi ta ɗura mata sassaƙe. Wasu suka ce iska ce ke bin ta tun tana budurwa. Har wata tsohuwa maƙwabciyarmu aka taɓa nunawa da yatsa wai mayya ce, baiwar Allah ba ta ji ba, ba ta gani ba. Gwaggo kuwa, yayar Baba, ba ta san zagaye-zagaye ba. A gaban Inna take faɗa: “Mu dai a gidanmu ba a san wabi ba. Jinin gidansu ne.”

Har yau akwai tabon tsaga jere a gefen cikina na hagu, aikin wanzami, lokacin da saifata ta kumbura. Ina da kamar shekara shida Kawu, ƙanin Inna, wanda yake malamin asibiti, ya zo ya tarar da ni a kwance ina birgima. Bai yi shawara da kowa ba ya saɓe ni sai Kano. A can aka ɗebi jinina aka ce SS ce, wato ina da sikila. Likitan ya ce a turo uwa da uba su ma a gwada su. Inna ta je. Baba ya ce shi lafiyarsa ƙalau, bai taɓa kwana a asibiti ba, me za a gwada? Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ɗan kasuwar hatsi ne, a lokacin shi kaɗai yake saɓa buhun masara ya ɗora a mota.

Takardar Inna ta fito AS, wato tana ɗauke da S guda amma ba ta da cutar. Abin da aka yi don a gano gaskiya, shi ya zama shaidar da aka riƙe a kanta. Da, zargi ne na baka, yanzu ga shi a rubuce da hatimin asibiti. Gwaggo ba ta iya karatun boko ba, amma ta haddace wannan harafi na S, ta yi ta yawo da shi gidajen suna da na biki.

Ba a rufa shekara biyu ba Baba ya ƙara aure. Wannan karon 'yar gida aka zaɓo masa, 'yar ƙanin mahaifinsa, jinin da aka sani. Muna ce mata Anti. Ta fari mace ta haifa, lafiyayya, aka yi ta guɗa. Na biyu namiji. Yana wata bakwai, wata safiya ya tashi da kuka ba ƙaƙƙautawa. Inna tana tankaɗe a bakin ɗakinta, ta miƙe ta leƙa, ta kama hannun yaron ta juya bayansa. Kallo ɗaya ta yi. Ba ta ce uffan ba, ta karkaɗe garin hannunta, ta ɗauko zani ta goya shi, ta yafa mayafi, ta ce da Anti, “Ɗauko takalminki, ba haƙori ba ne.” Ita ta san ƙofar da ake shiga, ta san layin yankar kati, ta san wanda ake roƙo idan jini ake nema. Shi ma SS. Gidan ya yi tsit na 'yan kwanaki, aka ce Allah ne ya kawo, wanda gaskiya ne. Sai dai lokacin da abin yake ɗakin Inna kaɗai ba a cika tuna hakan ba. Ba wanda ya ba ta haƙuri, Baba kuma bai je gwaji ba.

Ni dai na girma tsakanin aji da gadon asibiti. Idan ciwon zai tashi yakan faro da wani nauyi a ƙugu ko a ƙwauri, cikin sa'a guda ya cika ƙashi, har numfashi sai na yi masa dabara. Ba kwanciyar da ke daɗi, ba zaman da ke daɗi. Hunturu ne babban abokin gabana, sai dukan ruwan sama, sai zazzaɓin cizon sauro, sai gajiya da ƙishirwa. Inna ta mai da rainona sana'a. Kasko da garwashi a ɗaki tun kafin sanyi ya kankama, ruwan wanka mai ɗumi ko da bazara, gidan sauro ba fashi, ƙwayar folik asid da Paludrine ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro kowace safiya, da gorar ruwa da take saka mini a jaka, ta kuma duba da yamma ta ga ko na shanye. Azumi ma sai da ta kai ni gaban malami da likita kafin na haƙura na daina ɓoyewa ina yi.

Abin da ya fi ciwon ƙona mini rai shi ne rashin yarda. Wani dare a wani asibiti, ina budurwa, ina murƙususu a kan benci, ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta dube ni ta ce, “Ke kullum kina nan. Allurar ce dai ke kawo ki.” Na san dalilin maganarta. Akwai masu sikila da allurar kashe ciwo da ake ce wa fenta ta kama su, har suke yi wa kansu a gida, cinya duk gyambo. Amma ciwon nan ba ya nunawa a fuska kamar karaya, kuma wanda bai ɗanɗana ba, da wuya ya gaskata cewa mutumin da ya yi dariya da safe zai iya roƙon mutuwa da dare.

A kwalejin ilimi ne, a darasin sinadaran jiki, na fahimci abin da ke faruwa a jinina. Jan da ke cikin jini wani furotin ne mai suna himogulobin, yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya raba wa jiki. Sarƙoƙi huɗu ne suka haɗa shi, biyu alfa, biyu beta. Kowace sarƙar beta tana da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 146 a jere. A jikin mai sikila, 145 daidai suke da na kowa. Na shida ne kaɗai ya sauya: inda gulutamik asid ya kamata ya zauna, sai balin ya zauna. Asalin sauyin kuwa harafi guda ne a rubutun DNA, a kan kuromosom na 11, inda GAG ya koma GTG. Harafi ɗaya cikin kusan biliyan uku.

Gulutamik asid yana shiri da ruwa, balin ba ya yi. Saboda haka da zarar himogulobin S, wato irin na mai sikila, ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya manne wa 'yan'uwansa, su zama dogayen zarurruka masu tauri a cikin ƙwayar jinin. Ƙwayar da ya kamata ta kasance kewayayya mai laushi, tana lanƙwasawa ta ratsa siraran jijiyoyi, sai ta tanƙware ta yi siffar lauje, ta maƙale ta tare hanya. Naman da ke gaba ya rasa iska, ciwon ke nan. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, irin tawa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Shi ya sa jinina kullum a ƙasa yake, shi ya sa farin idona ke komawa ruwan ɗorawa.

Wurin da na kasa ci gaba da rubutu shi ne da malamin ya zo kan jarirai. Ɗan tayi yana da nasa himogulobin daban, ana ce masa F, wanda ba shi da sarƙar beta, don haka ba ya manne wa juna. Da shi ake haihuwar yaro, sannan ya riƙa raguwa a hankali har wajen wata shida, na manya ya maye gurbinsa. Ga amsar abin da ya ɗaure wa gidanmu kai shekara da shekaru: yaro ya zo lafiya lau, sai daidai lokacin fitar haƙori ya fara kumburi. Ba nono ba ne, ba haƙori ba ne. Yayata da ta tafi a dare ɗaya kuwa, alamunta sun yi daidai da abin da ke faruwa idan jini ya taru a saifa gaba ɗaya, ya bar sauran jiki fayau. Ƙarin jini a kan lokaci yana ceton irin wannan yaron. Tun 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa matsalar a himogulobin take, a 1957 kuma Vernon Ingram a Ingila ya gano ainihin amino asid ɗin da ya sauya. Wato tun kafin a haifi Inna duniya ta san wannan, labarin ne bai iso tsakar gidanmu ba.

Da na zo hutu na sayi goro huɗu, fari biyu ja biyu, na sami Baba a zaure bayan sallar isha'i. Na ajiye kwano biyu a gabansa, kowanne da fari ɗaya da ja ɗaya. Na ce, “Baba, wannan kwanon naku ne, wannan na Inna. Fari shi ne A, ja shi ne S. Kowane mutum biyu yake da su, amma ɗaya kawai yake ba ɗansa. Ku rufe ido ku ciro ɗaya a nan, ɗaya a can.”

Ya yi murmushi irin na manya idan yara sun zo da wasa, amma ya ciro. Fari da ja. Na ce wannan AS ne, lafiyayye kamar Inna. Muka mayar. Ya ciro ja biyu, na ce wannan ni ce. Muka mayar, ya sake cirowa, ja biyu kuma. Ya ce, “To ai yanzu ya fito.” Na ce haka abin yake, ɗaya cikin huɗu da ake faɗa ba rabo ba ne da ake yi wa 'ya'ya huɗu, kowane ciki daga farko yake somawa. Wani gidan su haifi shida ba ko ɗaya, wani gidan uku a jere.

Sai na ɗauke jan da ke kwanonsa na sa a aljihu, na bar masa fari zalla. Na ce, “Baba, yanzu ku ciro mini ja biyu.”

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana lissafin tiya da buhu ba sai an ƙara masa bayani ba. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, “Tashi ki je ki kwanta, akwai sanyi.” Cikin makon nan ya shiga Kano shi kaɗai bai gaya wa kowa ba, ya dawo da takarda a aljihun 'yar shararsa. AS. Ba a gabana ya yi wa Inna magana ba, ita ta faɗa mini daga baya. Wai ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, “Ashe abin daga mu biyu ne.” Ta ce masa, “Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.” Iyakar abin da aka yi ke nan a ɗaki. Amma ranar Juma'a, da Gwaggo ta zo gidan cike da mutane, ya ciro takardar ya miƙa mata ya ce, “Yaya, ga jinin gidanku nan.”

Mutane sukan tambaye ni ko auren zumunci ne ke kawo sikila. Ba shi ke ƙirƙirar ta ba, ga Inna nan bare. Sai dai idan S ɗin yana cikin dangi, 'yan'uwa biyu sun fi kusa da haɗuwa a kansa, kamar yadda ya faru da Baba da Anti. A ƙasarmu ma ba sai an je nesa ba: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S guda, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Yawan nan yana da dalili. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar sauro, yara masu AS sun fi tsira su girma su hayayyafa, haka harafin ya yaɗu tun kaka da kakanni. Mu masu SS ba mu ci wannan riba ba, zazzaɓin ma shi ya fi kayar da mu.

Ƙanina na ɗakin Anti bai yi sa'ata ba. Yana firamare ya tashi wata safiya baki ya karkace, hannun dama ya saki. Shanyewar ɓarin jiki ba ta tsofaffi ba ce kaɗai. Idan ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma na yaran SS kan gamu da ita kafin su kai shekara 20. Bayan nasa ya faru, a shekarun 2010, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka yi bincike a nan Kano. Ana ɗora wata na'ura a gefen kan yaro a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda aka ga yana cikin haɗari a sa shi kan maganin haidiroksiyuriya. Maganin asali na ciwon daji ne, a 1998 Amurka ta amince a ba masu sikila, kuma aikinsa shi ne ya sa jiki ya koma yin wancan himogulobin F na jarirai. Ni ma shi nake sha, ana bibiyar jinina, kuma ciwon ya ragu sosai. Ƙanina yana nan da ransa, yana sana'ar cire kuɗi a bakin kasuwa, da hannun hagu yake danna na'urar.

Maganar aure ba zan tsawaita ba. Wanda na fara so ya zo da takarda daga wani ƙaramin ɗakin gwaji an rubuta AA. Kawu ya ce a sake a babban asibiti, da na'urar da ke rarrabe nau'o'in himogulobin. Ta fito AS. Da ni da shi, kowane ciki rabi da rabi ne. Na yi kuka, shi ma ya yi, muka rabu. Tun daga nan nake gaya wa ɗalibaina cewa rukunin jini na A da B da O daban yake da jinotaif, wato su AA da AS da SS, cewa akwai harafin C wanda idan ya haɗu da S shi ma cuta ne, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan gwajinsa na iya yin ƙarya. Malam, mijina, AA ne. Danginsa sun ce ya auro wa kansa jinya, ya ce ya ji ya gani. Cikin fari ya kusa tafiya da ni, don dole aka dakatar da maganin, sai da aka yi mini ƙarin jini. 'Ya'yanmu biyu duka AS ne, kuma ba yadda za a yi su zama wani abu daban: ni S kaɗai nake da shi, shi kuma A.

Ana warkewa, ban ce ba a yi ba. An fara dashen ɓargo ga mai sikila a Najeriya a 2011, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, amma sai an sami ɗan'uwa da ɓargonsa ya dace, ga kuɗi, ga haɗari. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara DNA ɗinsu don su riƙa yin himogulobin F, a mayar masa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Na karanta, na yi murna, na kuma tashi na je na sayi folik asid ɗina. A wurin yaran da nake gani a layin asibiti, gwajin jariri tun yana ɗanye, da allurar rigakafi, da fenisilin, da gidan sauro sun fi kusa da ceton rai.

A 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da jinotaif. Na yi maraba da ita, amma ina da ƙorafi a kan lokacin da mutane ke yin gwajin. Sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, saura mako biyu, sannan a tuna da asibiti. A wannan gaɓar wa zai iya cewa a fasa? A nan ne ake fara neman wanda zai gyara takarda.

Kwanakin baya Gwaggo, da ta tsufa har sai da sanda, ta sa aka kawo ta gidana a Keke Napep. Jikanta ne zai auri 'yar ƙanwar babansa, an riga an sa rana bayan babbar salla. Ta kwance bakin zaninta ta ciro takardu biyu a ninke, ta ce, “Ayashe, duba mini, ke kika san abin nan.” Na duba. AS da AS. Na faɗa mata. Ta ce, “Ba yadda za a yi?” Na ce yadda za a yi yana hannunsu, amma a kira yaron da yarinyar su ji da kunnensu, kada manya su yanke a zaure. Sun zo, na yi musu bayani, yarinyar ta fi shi tambaya, har ta nemi in nuna mata maganin da nake sha da kuɗinsa a wata. An ɗaga ranar. Uwar yarinyar ta daina gaishe ni, kayan lefe kuma har yanzu suna ɗakin Gwaggo.